Kilo Saba'in da Uku

"Sake dubawa, Yaya," in ji shi. "Ina jin na motsa ne."

Bai motsa ba. Yana tsaye ƙiƙam a kan sikelin da nake auna tukwanen gas, ƙafa ba takalmi, daga shi sai gajeren wando. Ledojin sharar da ya fasa wa wuya ya yi riga da su suna yashe a bakin ƙofata, gumi na tsiyaya daga cikinsu yana bin siminti. Na sake duba lambar na gaya masa gaskiya, kilo saba'in da biyar da 'yar ɗoriya. Ya runtse ido. Sannan ya ɗauki gwangwanin madarar da ya zama abokin yawonsa a makon nan ya yi ƙoƙarin tofa yawu a ciki, amma babu abin da ya fito sai wata farar kumfa da ta maƙale masa a leɓe.

Na ce masa in mutuwar ce ya zaɓa ya taimaka ya je ya yi ta a shagonsa, ni ina da masu jiran gas. Ya yi dariya, muryar a shaƙe, ya ce ai shi ya sa yake son sikelina, ni da shi babu mai tausayi a cikinmu. Ya tattara ledojinsa ya fita yana dafa bango.

Maƙwabcina ne ta ko'ina. Shagonsa na gyaran firij yana manne da nawa, gidan da yake haya kuma katanga ce kawai tsakaninmu, har tarin juna muna ji. Tun da mijina ya rasu shi ne mai ɗaga mini manyan tukwane in mota ta kawo, shi ne mai korar mini 'yan iskan da ke zuwa da sigari a baki kusa da gas. Yaya yake kirana, ni kuma ina kiransa da sunan da duk layinmu ke kiransa: Saura-kaɗan.

Wasan judo, kokawar nan da ake yi cikin farar riga, shi ne ya jawo masa sunan. Tun yana saurayi yake yi, ba don sana'a ba, don babu abin da ya taɓa kawo masa sai karayar yatsu da kafaɗar da ke ƙara in ya ɗaga hannu. Gasarsu ta masu sha'awa ce, direbobi da malaman makaranta da masu walda, kowa ya rufe wurin aikinsa ya je a kayar da shi ya dawo yana ɗingishi. Shi kuma kullum sai ya kai bakin nasara sannan wani ya juye shi. Na biyu, na uku, na biyu. In ya dawo aka tambaye shi yaya aka yi, sai ya ce wallahi saura kaɗan. Tun ana dariya har sunan ya bi shi, har matarsa in ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

Abin da ban sani ba sai bara shi ne, kafin a bar mutum ya taka katifar wasa sai an auna shi kamar buhu. Kowa da rukuninsa. Shi nasa kilo saba'in da uku ne, kuma in ka ɗara ko da nauyin cokali ne, ka kama hanyar gida. A baran nan ne matarsa, Maman Auta, ta yarda a karon farko 'yarsu ta je ta ga ubanta yana wasa. Auta ce kaɗai ta rage a gabansu, yayyenta duk sun watse, kuma tun tana rarrafe take jin labarin yadda Baba ke ɗaga ƙato ya maka da ƙasa, amma ba ta taɓa gani da idonta ba. Rabin layinmu suka cika mota suka bi shi. Ya hau sikeli a gaban kowa, ya ɗara da abin da bai kai kofin shayi ba. Ko farar rigar bai saka ba aka sallame shi. A hanyar dawowa samarin layi suka yi ta tsokanarsa, Auta kuwa ta haɗa kai da gilashin mota har gida.

Bana ce ta ƙarshe. Shekarunsa sun haura arba'in da biyar, hawan jini ya kama shi, Maman Auta ta sa shi ya rantse daga wannan ya ajiye. Auta ma ta samu makaranta a wani gari mai nisa, tafiyarta ta matso. Shi ya sa ya sa wa ransa cewa ko ana ha-maza ha-mata sai yarinyar nan ta gan shi a kan katifa sau ɗaya. Matsalar ita ce jikin ɗan arba'in da biyar ba ya jin magana. Ya bar shinkafa, ya bar burodi, ya bar sukari, ya yi gudu har tafin ƙafarsa ya fashe, nauyin ya sauka ya sauka ya zo ya tsaya cak. Da ranar awo ta matso sai ya koma dabarar da ya ce dukkansu suna yi: ya daina shan ruwa. Wai jikin mutum yawancinsa ruwa ne, ka matse shi ka hau sikeli, da ka sauka ka sha ka ƙoshi, kafin washegari komai ya dawo. Yana faɗa mini haka kamar mai bayanin yadda ake zuƙe gas daga firij a sake ɗurawa.

Da yammar ranar da na ce masa ya je ya mutu a shagonsa Maman Auta ta shigo wurina. Mace ce mai kunya, ba ta saba kawo maganar ɗakinta waje ba, amma ranar ko zama ba ta yi ba ta fara. Ta ce fitsarinsa ya koma kalar shayi ba madara, shi ma ɗigo-ɗigo. Ta ce ta ƙirga maganinsa na hawan jini ta ga ninki yake sha, don ya lura yana sa fitsari. Da asuba jijiyar ƙafarsa ta ɗaure har ya ciji filo don kada Auta ta ji. In ƙishirwa ta ishe shi sai ya kurkure baki ya zubar. Ta roƙe shi, ta yi kuka, ta ce za ta tafi gidansu, ya ce ta bari a yi awo tukuna ya raka ta.

"Yaya, mutumin nan bushewa yake yi a gabana," in ji ta. "Ni ba ya jin maganata."

Na rufe shago ana tsakiyar ciniki, abin da ban taɓa yi ba, muka tafi wurin kocinsu mai horar da su. Ɗakin wasan yana saman wani shagon kujeru, tun daga matakala warin ƙafa da gumi ke tarbar mutum. Koci dattijo ne gajere mai kunnuwa a murɗe, yana zaune yana ɗinke wata katifa da ta yage. Na ce ya mayar da maƙwabcina rukunin da ke sama. Ya ce an rufe rajista, kuma kowace ƙungiya mutum ɗaya take bayarwa a rukuni, akwai wani a can. Na ce to ya cire sunansa gaba ɗaya. Ya ajiye allurar ya ce ya yi masa magana har bakinsa ya gaji, kuma shi ma a zamaninsa ya kwana cikin leda ya tashi lafiya, ga shi nan a gabana. Na ce eh na gan shi, na ga kunnuwan ma. Na wanke shi tas, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba, har samarin da ke atisaye suka tsaya suna kallo. Sai da na gaji sannan ya ɗago.

"Hajiya, in na cire sunansa ba zai sake kallona ba har abada," in ji shi. "Shekara talatin muna tare."

Na ce gara ya ƙi kallonsa yana raye. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗinkinsa, muka sauko ba mu samo komai ba.

A hanya ne dabarar ta zo mini. Sikelina na lantarki ne, faranti a ƙasa, allon lambar a kan sanda yana fuskantar kujerata. Akwai maɓallin da nake dannawa in na ɗora tukunya babu komai, ya koma sifiri, don in auna gas ɗin kawai. In ka ɗora abu ka danna sannan ka ɗauke abin, duk wanda ya hau sai sikeli ya zaftare masa wannan nauyin. Na gaya wa Maman Auta cewa in ya ga ya kai nauyin da yake nema, zai yarda ya sha ruwa. Ta tsaya a tsakiyar titi tana kallona, ta ce ai in ya sha ruwa gobe, jibi a wurin awo za a sake korarsa a gaban yarinyar. Na ce na sani. Na ce ta zaɓa, miji korarre ko miji a likkafani. Da muka iso gida ta tambaye ni gishiri nawa ake sawa a ruwan da za a ba shi.

Washegari tun kafin ya fito na ɗora babban kwaɗon ƙofata da sifana biyu a kan farantin, na danna, na kwashe su na tura ƙarƙashin benci. Na jawo kujerata na tokare allon da jikina. Maman Auta ta shigo da kofin silba a rufe da faranti ta ajiye bayan tukwane, ta zauna tana murza gefen mayafinta.

Ya shigo wajen hantsi. Wallahi da a hanya na gamu da shi da sai na wuce. Idanun sun zurma, kumatun sun shige, fatar hannunsa in ya motsa sai ta tattare ta ƙi komawa. Ya ga matarsa ya yi mamaki, ta ce gas ta zo tambaya. Ya tuɓe ledojin ya hau, ya tsaya yana rawa-rawa, ya riƙe numfashi kamar iska ma nauyi ce.

"Saba'in da biyu da rabi," na ce. "Ka wuce ma. Zo ka gani, a'a tsaya a nan, ba ni wayarka in ɗauka maka."

Na ɗauki hoton lambar na miƙa masa. Ya kalla ya kalla, leɓensa na motsi. Sai ya durƙushe a kan farantin ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza, kuka yake yi amma babu hawaye ko ɗigo. Na ji zuciyata ta karye, amma na daure na ce ya tashi ya bar mini sikeli, kuma tunda yana da sarari har rabin kilo, kofi ɗaya ba zai kai shi ko'ina ba. Maman Auta ta buɗe kofin ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa. Ya kai baki ya cika kumatunsa, ya rufe ido yana juya ruwan a bakinsa, bai haɗiye ba, yana jin daɗinsa tukuna.

Da a ce ya tsaya a inda yake da shi ke nan. Amma murna ta sa ya sauko ya zagayo gefena, wai zai shafa kan sikelin ya yi masa godiya. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana karanta allon na'ura. Farantin babu kowa, amma lambar ba sifiri ba ce, ga ɗan layin nan na ragi a gabanta. Ya kalli allon, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin benci, ya ga kwaɗo da sifanu. Ya mayar da ruwan bakinsa cikin kofin a hankali, duka, har ya goge harshensa da bayan hannu.

"Har ke, Yaya?"

"Har ni," na ce. "Kuma gobe ma zan sake. Ka dubi madubi kuwa? Yarinyar nan uba take so, ba lambar gwangwani ba."

"Da na haɗiye, gobe a gabanta za a ce in sa wandona in tafi. Sau biyu." Ya juya ga matarsa. "Ke ma kin sani?"

Ta kama hannunsa tana cewa Baban Auta don girman Allah, ya zame hannun ba da ƙarfi ba. Ya danna maɓallin da kansa, ya hau, ya sa ni na karanta masa gaskiya. Saba'in da huɗu da kwata. Ya gyaɗa kai, ya ajiye kofin a kan bencina, ya kwashi ledojinsa ya fita. Na bi shi har bakin titi ina zaginsa ina roƙonsa a lokaci guda, mutane na leƙowa daga shaguna. Ya shiga tsohuwar motarsa ta ɗaukar firij ya ja.

Bai dawo ba. Da azahar ta wuce muka bazama nemansa, ni da Maman Auta, a ƙafa da a mota. Mun je ɗakin wasa, Koci ya rantse bai gan shi ba, wannan karon na ga tsoro a fuskarsa. Mun je filin da yake gudu, mun je gidan burodin da wani lokaci yake zama kusa da murhunsu don ya yi gumi, mun je wurin masu sayar da kayan firij. Wayarsa na shiga ba ya ɗauka. Maman Auta takalminta ya tsinke ta cire ta riƙe a hannu ta ci gaba da tafiya, tana leƙa kowace farar mota. Ni kuwa ina ta faɗa a raina cewa da yana zuwa shagona aƙalla muna ganinsa, yanzu na kore shi inda babu ido. Sai dab da magariba ya kira Auta, ba uwarta ba. Ya ce lafiyarsa ƙalau, zai kwana wurin wani abokin wasansa, gobe ta zo masa da farar rigar a goge, da gorar ruwa mafi girma da ke cikin firij. Daga baya ne muka ji inda ya yini. Bayan wata ma'ajiyar kaya ya faka motar a rana, ya ɗaga gilasai, ya kunna hitar motar tana hura masa zafi, ya zauna cikin leda.

Da safe muka tafi mu uku. Wurin awon wani dogon ɗaki ne a bayan zauren wasanni, maza sun yi layi daga su sai gajerun wanduna, fuskoki duk sun yi fari fat. A gindin bango an jera gorunan ruwa da kulolin abinci, kowa na satar kallon nasa. Nan na gane ba maƙwabcina kaɗai ne mahaukaci ba, ƙungiya ce guda. Muka hango shi can tsakiyar layi, Koci na riƙe da ƙugunsa ta baya kamar suna hira. Maman Auta ta yunƙura za ta je, mai gadin ƙofa ya ce 'yan kallo iyakarsu nan.

Da aka kira shi Koci ya sake shi. Ya taka da kansa, yana ɗaga ƙafa kamar mai tafiya cikin laka, ya hau. Mai awon ya duƙa ya duba, ya rubuta, ya ce saba'in da biyu da ɗigo tara, na gaba. Saura-kaɗan bai sauka nan da nan ba. Ya juyo yana neman fuskar Auta a bakin ƙofa, da ya same ta ya ɗaga mata yatsa ɗaya yana murmushi, leɓen ya tsage jini ya fito.

Auta ta kutsa ta ƙarƙashin hannun mai gadi ta kai masa gorar. Ya kafa kai ya sha, ya sha, maƙogwaronsa na hawa da sauka, na ce alhamdulillahi a fili. Sai ya tsaya. Ruwan ya dawo gaba ɗaya ta baki da hanci, ƙafafunsa suka sandare, ya tafi ta baya kansa ya bugi benci. Wasu daga cikin masu layin suka taimaka aka ɗauke shi, wasu kuwa ba su bar layin ba don kada a tsallake su.

A asibiti likitar mace ce, ba ta yi mana kwana-kwana ba. Ta ce ƙodojinsa sun tsaya, naman jikinsa ya fara narkewa yana toshe su, gishirin jininsa ya rikice har zuciyar na tsalle. Ta tambayi abin da ya sha, Maman Auta ta miƙa mata kwalin maganin hawan jinin babu komai a ciki. Suka sa masa ruwa ta jijiya, amma zuwa la'asar babu abin da ya fito ta robar fitsari, ƙirjinsa kuwa ya fara kurari. Suka rage ruwan. Suka ce sai an yi wankin ƙoda, amma sai zuciyar ta ɗan daidaita don ba za ta ɗauki na'urar ba. Nas ta zo ta liƙa takarda a kan gadonsa, ta kwashe kofi da gora daga kan durowa, ta ce kada wanda ya ba shi ko kurɓi ɗaya, don duk abin da ya shiga ba shi da hanyar fita sai huhu.

Ya farfaɗo da yamma. Abin da ya fara cewa shi ne ruwa. Ya ce wa matarsa an gama awo ai, yanzu ya halatta, ta ba shi. Ta ce likita ta hana. Ya kalle ta kamar bai gane yaren ba. Ya juyo gare ni.

"Yaya, ke ba kya tsoron kowa. Rabin kofi."

Mako guda ina bin mutumin nan da ruwa yana gudu. Yanzu ga shi yana roƙona da idon da ya fi na jariri ban tausayi, ga famfo a kusurwar ɗakin yana ɗiga. Wallahi na tashi. Na kai hannu jakata inda 'yar gorata take, nas ɗin ta riƙe mini wuyan hannu ta ja ni waje ta ce in ina so ya shaƙe a gabana to in ba shi. Na zauna a dandamalin baranda na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mijina. Abin da suka yarda da shi kawai auduga ce, a tsoma a ruwa a matse a shafa masa a leɓe. Maman Auta ta karɓi aikin. Duk shafawa sai ya kamo audugar da haƙori yana tsotsa, ita kuma tana janyewa tana ba shi haƙuri.

Washegari ce ranar karawa. Koci ya zo bayan azahar da jakar farar rigar a hannu, ya tsaya daga bakin ƙofa ya kasa shigowa. Ni ya gaya wa a baranda cewa an yi ta kiran sunan a lasifika har aka gaji, abokin karawar ya shiga ya rusuna wa wurin da babu kowa, alƙalin wasa ya ɗaga masa hannu. Ya ce mutumin ma ba wani gwani ba ne, da maƙwabcina ya shiga da ya gama da shi. Na buɗe baki zan yi masa irin ta rannan, na ga tsohon yana share ido da hular da ya cire, na rufe bakina.

Da na koma ciki Auta na zaune a gefen gadon. Numfashinsa ya yi nauyi, kowace kalma sai ya huta. Ya tambaye ta ko ta gani.

"Na gani, Baba. Ka ci awo. Kowa ya gani."

"Ba shi nake so ki gani ba."

Ya ce ta miƙe tsaye ta matso. Ya ɗaga hannun da babu allura ya kama hannun rigarta wajen gwiwar hannu, ya murɗa yadin a yatsunsa, ɗaya hannun ya lallaɓa ya kamo wuyan rigar, robar ruwan na jan fatarsa. Ya ce mata nan ake riƙewa, ba a jan mutum da ƙarfi, jira ake yi sai ya taka da kansa. Ya ce ta tako. Ta tako. Ya ɗan ja, jan da ko labule ba zai motsa ba. Auta ta saki jikinta ta tafi gefe ta zube a kan tayil, har gwiwarta ta bugi ƙafar gado.

Ya leƙo ta daga kan filo, gefen bakinsa ya motsa.

"Da gangan kika faɗi."

"Wallahi Baba ban ga lokacin da ka ja ba," in ji ta daga ƙasa, fuskarta a jiƙe.

Ya daɗe yana kallonta. Ban san ko ya yarda ba, amma wannan karon bai nemi ya duba komai ba. Ya mayar da kansa kan filo ya ce to, haka ake yi.

Bai sake wata magana mai tsawo ba. Ruwa ya ambata sau da yawa, daga baya leɓen kawai ke motsi. Na'urar wankin ba a kai ga ɗora shi ba. Rana ta yi sanyi, hasken taga ya koma kan bango, sai ƙarar allon da ke nuna bugun zuciyarsa ta canza, nas biyu suka shigo da gudu da likitar, suka fitar da mu. Da suka buɗe ƙofa likitar ta cire safar hannunta ta ce mu yi haƙuri. Na yi salati na rungume Auta. Koci ya zame ya zauna a ƙasa da jakar a cinyarsa.

Maman Auta ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta wuce mu ta koma kujerarta a gefen gadon. Nas ta kashe allon, ta zare robobin, ta kawo hannu za ta ja zanen ta rufe fuskarsa, sai ta dakata. Maman Auta ta tsoma audugar a ruwa, wannan karon ba ta matse ba, ta ɗora masa a baki. Ruwan ya cika tsagar leɓensa, ya gangaro ta gefen gemu ya jiƙa filo. Ta sake tsomawa.